ADDU'AR SARAKUNA BIYU: WANDA YA HAƘA RAMI DA WANDA YA YI TUBAN MUZURU

 Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya mu leƙa tarihi. Duk lokacin da ƙasa ta shiga uku, abu na farko da ake ji daga bakin shugaba shi ne a duƙufa da addu'a. Wannan ba laifi ba ne. Amma ni a ganina, ana gane addu'ar shugaba ne daga abin da hannunsa ya aikata kafin ya ɗaga shi sama, da kuma bayan ya sauke. Sarakuna biyu na birnin Urushalima da Littafi Mai Tsarki ya ba da labarinsu sun ishe mu misali.

Na farko shi ne Sarki Hezekiya. A shekara ta 701 kafin haihuwar Annabi Isa, Sennakerib sarkin Assuriya ya afka wa ƙasar Yahuza. A rubutun da shi kansa ya bari, ya yi alfaharin cinye garuruwa masu ganuwa har 46. Da ya aiko da wasiƙar barazana, Hezekiya ya ɗauke ta ya nufi Haikali, ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji ya kai kukansa. Nan masu wa'azi suka fi tsayawa.

To amma me ya yi kafin ranar? Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, tuni ya gyara ganuwa, ya tanadi makamai, ya toshe idanun ruwan da ke bayan gari don kada abokan gaba su samu na sha. Ya kuma janyo ruwan marmaron Gihon zuwa cikin birni. Har yau akwai ramin da aka fafe cikin dutse, mai tsawon kimanin mita 533, wanda yawancin masana ke danganta shi da aikinsa. A 1880 aka gano rubutun da ke jikin bangonsa, mai bayanin yadda ƙungiyoyin mahaƙa biyu suka faro daga ɓangarori biyu suka haɗu a tsakiya. Bai tsaya nan ba, sai da ya kankare zinariyar ƙofofin Haikali ya biya gandu don ya kare jama'arsa. Littafin Sarakuna ya ce a dare ɗaya mayaƙan Assuriya 185,000 suka halaka. Ko Sennakerib, duk cika bakinsa, bai ce ya ci Urushalima ba.

Na biyu shi ne Sarki Zadakiya, bayan fiye da shekara 100. Da rundunar Nebukadnezzar na Babila ta yi wa birnin ƙawanya, shi ma ya tuna da Allah. Ya tara manyan gari aka yi alkawari a Haikali cewa kowa zai 'yanta 'yan'uwansa da ya riƙe a bauta. Aka sake su kuwa. Kwatsam sai mayaƙan Masar suka taso, Babilawa suka janye don su tare su. Da manya suka ga wuta ta lafa, sai suka bi bayin nan suka sake kamo su. Tuban muzuru ke nan, kaza a baki. Zadakiya ya aika wa Irmiya yana roƙon addu'a, amma da mutumin ya faɗi gaskiya, a gidan wakafi ya tsinci kansa. Wajen shekara ta 586 birnin ya faɗi, aka ƙone Haikali, aka yanka 'ya'yan sarki a gabansa, sannan aka ƙwaƙule masa idanu.

Dubi dai, mai karatu. Birni ɗaya, Haikali ɗaya, dukkansu kuma sun nemi Allah. Ɗaya ya yi iyakar ƙoƙarinsa sannan ya miƙa sauran ga Mai Duka. Ɗayan kuwa ya so addu'a ta tsaya masa a madadin adalci, ya so a roƙa masa ba tare da an yi masa nasiha ba.

Don haka in shugaba ya ce a tashi da addu'a, mu amsa da hannu biyu, amma kada kunya ta hana mu tambayarsa: ranka ya daɗe, ina ramin ruwan da ka haƙa, ina kuma haƙƙin talakan da ka mayar? Ai Hausawa sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin gaskiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.