Gidan Sauro Ba Karkiya Ba Ne



Tun da aka kawo shawarar mu haɗa hannu da matasan Musulmi na Tudun Wada mu shirya daren waƙoƙi, domin a tara kuɗin gidan sauro da maganin zazzaɓi, wasu cikinmu suka ɗauko 2 Korintiyawa 6:14, wai wannan karkiya ce da marasa bi. Ba mu yarda ba, ga kuma dalilinmu.

Ku karanta har aya ta 16. Maganar haikalin Allah da gumaka Manzo Bulus yake yi, wato haɗa sujada. Ba wanda ya ce mu haɗa sujada da kowa. A fili za a taru, waƙoƙin kuma na lafiya ne da maƙwabtaka. Idan har wannan karkiya ce, me ya sa ba mu tuna da ayar ba ranar da muka kai yaranmu asibitin Shika, likita Musulmi ya duba su?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, yawancin waɗanda yake kashewa kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mun san yadda unguwarmu take daga Yuli zuwa Oktoba. Lambatun da ya bi ta ƙofar majami'a shi ne ya bi ta ƙofar masallaci. In muka yashe namu gefen muka bar na maƙwabci, sauron zai dawo mana da dare.

Ba mu ne farau ba. A 2009, Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da Akbishop John Onaiyekan, shugaban CAN na lokacin, sun jagoranci ƙungiyar NIFAA, wadda ta horar da limamai da fastoci su riƙa faɗakar da jama'a a kan gidan sauro. Babu wanda ya bar bangaskiyarsa a cikinsu. Asibitin Wusasa kuma bai taɓa ware majinyaci don addininsa ba. A Luka 10, Basamariye, wanda Yahudawa ba sa sujada tare da shi, shi Ubangiji ya nuna a matsayin maƙwabci.

Mun yi daren waƙoƙi don sayen kayan kiɗa, mun yi don ɗinka anko. Ashe sai da maganar ran yaro ta taso waƙa ta zama abin tuntuɓe?

Masu tsoron inda kuɗin zai shiga kuwa suna da gaskiya. Bulus da kansa, a 2 Korintiyawa 8, bai bar baiko a hannun mutum ɗaya ba. Saboda haka a sa ma'aji biyu, namu da nasu, a ƙirga kuɗin a gaban jama'a, a karanta lissafi a majami'a. Maƙwabtan da ba sa son kiɗa kuma a girmama su, a karɓi gudummawarsu a gida.

Mawaƙa, ku fara shiri. Dattawan ikkilisiya, muna roƙon ku ba da izini kafin damina ta sauka. Ubangiji ya kiyaye yaranmu da na maƙwabtanmu. Amin.