Ƙaiƙayin Ciwon Hanta: Kuɗin Gwaji Ya Kamata A Aika Gida, Ba Ganye Ba

Tun daga shekarar 2019, sa'ad da Gwamnan Jihar Ondo na wancan lokaci, marigayi Rotimi Akeredolu, ya ziyarci ƙasar Tailan ya kuma yi kira da a yarda a noma tabar wiwi domin yin magani, maganar nan ba ta kwanta ba a Nijeriya. Ta shiga Majalisar Wakilai, ta shiga gidajen rediyo, har ta gangaro tashoshin mota da teburan masu shayi, inda kowa ke ƙara mata gishiri gwargwadon bakinsa. A cikin cututtukan da ake lissafawa wai wiwi na magancewa har da matsanancin ƙaiƙayin nan da ke addabar masu ciwon hanta. Wannan batu kuwa ya shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi ƙwarai da gaske, domin su ake waiwaya in ciwo ya kwantar da wani a gida, su ne kuma ke zaune kusa da dazuzzukan Ondo da Edo da Oshun inda aka fi noma ganyen.

A ɗauki misalin magidanci a Tudun Fulani, unguwar nan da ke gaba da Bosso a kan hanyar Minna zuwa Zungeru. Idanunsa sun yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar ruwan bunu, in dare ya yi sai ya kama susa, tafin hannu da tafin ƙafa da gadon baya, har jiki ya yi jini, alhali kuwa ba ƙazuwa ba kirci. An sha jiƙe-jiƙen shawara, an haɗiyi Piriton, duk a banza. To, sai a buga wa ƙanensa waya a kasuwar Mil 12 ta Ikko ko a Sabo ta Badun, a ce masa, "An ce a wajenku akwai ganyen da ke kashe ƙaiƙayi, ka taimaki yayanka." Babu mai hankalin da zai zargi majinyaci a kan haka, don kuwa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Likitoci ma sun shaida tsananin wannan azaba, har a ƙasashen da ake dashen hanta akan yi wa mutum dashe saboda ƙaiƙayin kaɗai in ya gagari magani. Abin tambaya shi ne, mene ne ya wajaba ƙanen nan ya aika?

Kafin a amsa, ya kamata a san asalin ƙaiƙayin. Hanta ce ke yin ruwan ɗaci, ta tara shi a maɗaciya, daga nan ya bi wata 'yar siririyar hanya ya zuba cikin hanji. Idan hanyar ta toshe, ko hantar ta raunana ta kasa fid da shi, sai abubuwan da ya kamata su fita su taru cikin jini, su tsokani jijiyoyin fata. Abin da ke jawo haka yana da yawa: tsakuwa a maɗaciya, ƙari a hanta ko a bakin hanyar, ƙwayar cutar hanta nau'in B ko C, ƙanƙancewar hanta, wani lokaci ma juna biyu a watannin ƙarshe. Watau dai ƙaiƙayin ɗan aike ne, jiki magayi. Wanda ya rufe wa ɗan aike baki bai ji saƙon ba, ya bar ɓarna tana ci a ɓoye. Tsakuwar da za a iya cirewa a bana, in aka lulluɓe ta da hayaƙi, baɗi sai labari ya sha bamban.

Gaskiya ne maganar wiwi tana da tushe, amma tushen ɗan ƙarami ne. A shekarar 2002 waɗansu likitoci a birnin Mayami na Amurka sun ba da rahoton majinyata 3 da ƙaiƙayin hanta ya gagari duk magungunan da aka gwada musu. Suka ba su wata ƙwaya mai suna duronabinol, wadda ke ɗauke da sinadarin THC, watau abin da ke sa maye a cikin wiwi, miligiram 5 lokacin kwanciya. Duka ukun sun sami sauƙi sun yi barci, sai dai sauƙin awa 4 zuwa 6 yake yi ya gushe. Mai karatu ya lura da kyau: mutum 3 ne kacal, ƙwaya ce da aka auna a masana'anta, bayan an ƙare sauran dabaru, kuma likita na tsaye a kansu. Tsakanin wannan da ƙunshin ganyen da aka saya a bayan tasha akwai tafiya mai nisa, domin shi ƙunshin babu wanda ya san ƙarfinsa, balle abin da aka fesa masa ko aka gauraya a ciki.

Bugu da ƙari, akwai abin tsoro ta fuskar hantar kanta. A shekarar 2005 likitocin Faransa sun binciki masu cutar hanta nau'in C su 270, suka ga waɗanda ke shan wiwi kullum hantarsu ta fi saurin yin tabo. Wani binciken da aka yi a Kanada a 2013 bai ga hakan ba, saboda haka masana ba su daddale ba, kuma abin da masana ba su daddale ba bai kamata a gwada shi a jikin ɗan'uwa ba. Daɗin daɗawa, hanta ce ke sarrafa sinadarin nan ta fid da shi daga jiki, mai raunin hanta kuwa sai ya daɗe a jininsa. Har ila yau, babbar alamar da ke nuna hanta ta kusa gazawa ita ce rikicewar hankali da yawan barcin rana. In majinyaci na cikin maye, iyalinsa za su ɗauka aikin ganye ne, har lokacin garzayawa asibiti ya wuce. Gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Sai kuma doka. Tun Dokar Soja ta 1966 aka tsananta hukunci a kan wiwi a ƙasar nan, aka kuma kafa Hukumar NDLEA a 1989 domin yaƙi da ita da sauran miyagun ƙwayoyi. Ƙoƙarin da waɗansu 'yan majalisa suka yi a 2023 na sassauta dokar bai kai ko'ina ba. Jami'an hukumar sun sha kama lodin ganye a kan hanyar Jabba zuwa Mokwa, wadda matafiyi daga Ikko ke bi ya shiga Jihar Neja. Ɗan ƙunshin da aka ba direba amana yana iya kai direba da mai aike gidan yari, a wayi gari majinyaci na kwance, mai ciyar da shi na tsare. Masu kafa hujja da lalura kuma su tuna ba a kiran abu lalura sai an rasa wata hanya.

Hanya kuwa akwai ta. Daga Tudun Fulani zuwa Babban Asibitin Minna tafiyar keke ce, ga Asibitin Ƙwararru na IBB a ɓangaren Chanchaga, ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida. Abin farko gwajin jini ne na aikin hanta da na ƙwayar B da C, sa'an nan hoton ciki don a ga ko hanya ce ta toshe. In toshewa ce, aiki ake yi a buɗe ta, ƙaiƙayi ya tafi. In nau'in C ne, ƙwayoyin mako 12 na warkar da mafi yawan mutane. In nau'in B ne, tenofobir na danne shi. Shi kansa ƙaiƙayin yana da magunguna hawa-hawa: garin kolestiramin da ake damawa a sha ya kama ɗaci a hanji, sa'an nan rifamfisin, wanda aka fi sani a maganin tarin fuka, sa'an nan naltirezon da sataralin. Babu ɗayansu da ya halatta a saya a kemis bisa jin ƙai, musamman rifamfisin, domin shi ma yana iya taɓa hanta, sai ana bin sa da gwaji. A gida kuma wanka da ruwa mai sanyi, shafa man kaɗanya, yanke farce da sa tufafi marasa nauyi na rage wahala, tun ba ma a zafin bazarar Minna ba.

Wannan duka ba ya wanke hukuma. A watan Disamba na 2020 hukumar kula da miyagun ƙwayoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fid da wiwi daga jerin abubuwa mafiya haɗari da ake ganin ba su da wani amfani a magani, da ƙuri'a 27 a kan 25, Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙi. Lesoto da Maroko sun ba da izinin noma ta domin magani ƙarƙashin lasin. Masu cewa a yi bincike suna da hujja, kuma bai dace a yi musu kallon 'yan maye ba. Ƙasar nan tana da cibiyar binciken harhaɗa magunguna a Idu ta Abuja, tana da NAFDAC da asibitocin koyarwa. A ba su izini su auna, su gwada, su faɗi abin da suka gani. Amma ƙofar bincike daban, ƙofar kasuwa daban, a ƙasar da ƙididdigar 2018 ta nuna mutum miliyan 10.6 na shan wiwi. Kafin nan, wajibi ne gwamnatoci su wadata asibitocinsu da magungunan da aka riga aka tabbatar, a farashin da talaka zai iya, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga ƙarshe, mazauna Kurmi su duba kansu. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar B, da yawansu ba su sani ba. Askar wanzami da almakashin mai yankan farce, in ba a tsabtace su ba, suna iya ɗaukar ta daga wannan su kai wa wancan. Allurar rigakafinta na cikin jerin alluran yara tun 2004, ana kuma so a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Sarakunan Hausawa na Agege da Shagamu da Sabo, tare da shugabannin kasuwanni, suna da ikon shirya gwaji da allura ga jama'arsu. Wanda kuma aka buga wa waya daga gida, ya aika da kuɗin mota da na gwaji, ya sa a karanta masa takardar likita, ya tsaya a kan maganar har a ga ƙarshenta. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.