Filin Malaman Makaranta: Kafin A Kai Yara Awon Kogi

Littafin labarin ƙasa yakan koya wa ɗalibi cewa kogi yana farawa siriri a kan tudu, ya yi ta ƙara faɗi da zurfi da yawan ruwa har ya kai inda zai zube. Yaro ya haddace wannan, ya rubuta a jarrabawa ya ci, alhali bai taɓa tsoma sanda a rafin bayan garinsu ba. Malamin da ya ƙuduri niyyar kai 'yan ajinsa bakin ruwa su gwada maganar littafi da hannunsu ya yi dabara, amma fa yawancin aikin a gida ake gama shi tun ba a fita ba.

Abu na farko shi ne tambaya, kuma guda ɗaya ta isa: shin ruwan ƙaruwa yake yi in an gangara, ko raguwa? Sa'an nan malam ya tafi shi kaɗai tukuna, ya zaɓi wurare 3 ko 4 a kan rafi guda, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, waɗanda za a iya kewaya su a yini ɗaya. In aka auna wani wuri yau, wani bayan mako, ba a san ko wurin ne ya bambanta ko kuwa ruwan sama ne ya sauka a tsakani ba. Ya gai da dagaci, ya kuma nemi masunta, domin su suka san inda gurbi yake.

Kayan aikin ba su da tsada: igiya mai alamar mita, da sanda, da agogo, da lemo. A miƙa igiya daga gaɓa zuwa gaɓa a sami faɗi. A tsoma sanda wuri 5 a kan igiyar, a raba jimlar gida 5 a sami matsakaicin zurfi. Sai a saki lemon ya bi ruwa mita 10, ana duban agogo, har sau 3. Misali, rafi mai faɗin mita 4 da zurfin rabin mita, bakinsa murabba'in mita 2 ke nan. In lemo ya ci daƙiƙa 20, ruwan yana tafiyar rabin mita a daƙiƙa, watau lita 1,000 ke wucewa kowace daƙiƙa. Da yake ruwan da ke bisa ya fi na ƙasa sauri, akan rage kashi 1 cikin 5, ya koma lita 800. Nan yara kan sha mamaki, don sau da yawa ruwan gangare da ake gani shiru ya fi na tudu mai ƙugi sauri, saboda duwatsu ba su tare shi.

To, ga inda littafi ke tuntuɓe. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, su zama Kogin Haɗeja. Daga nan kogin ya bar ƙasar dutse ya shiga rairayi, ya rarrabu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ƙasa ta sha nata, rana ta sha nata, manoman rani su ja nasu. Ko da ya haɗu da Kogin Jama'are wajen Gashuwa suka zama Yobe, abin da ke isa Tafkin Chadi kaɗan ne daga abin da ya wuce Wudil. Ga kuma madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, waɗanda suka sa ruwan ya koma bin umarnin mai buɗe ƙofa. Ɗalibin wannan yanki da awonsa ya nuna ruwa na raguwa bai yi kuskure ba, kuma malamin da ya sa shi ya gyara lambobinsa don su dace da littafi ya cuce shi. Kamata ya yi a tambaye shi ina ruwan ya tafi.

Saura batun rai, wanda ya fi duk wannan. Kada a fita a watan Agusta, domin ruwan da aka yi a can tudu yana iya cika rafi nan da nan, alhali sama garau take a inda yara suke. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, ruwa ya ja baya, bai kuwa ƙafe ba. A ƙasan madatsa a fara tambayar ma'aikata ranar sakin ruwa. A guji kwantaccen ruwa mai ciyayi, nan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yake zama. Masu shiga ruwa su sa takalmin roba, kada su wuce 2 a lokaci guda, sauran suna gaɓa da takarda da fensir, babba ɗaya kuma yana tsaye a ƙasa da su riƙe da igiya. A ƙirga yara kafin a tashi daga kowane wuri.