WA ZAI KOYA WA ƊAN TALAKA WANKE BAKI?

Jama'a, in kun koma gida yau ku buɗe bakin 'ya'yanku ku duba. Yaro in ya kai wajen shekara 6, daidai lokacin shigarsa firamare, wani turmi yakan fito masa can ƙurya, bayan haƙoran nono. Iyaye da yawa suna zaton shi ma zai famfare. Ina! Wannan in ya ruɓe, ya tafi ke nan.

Abin da ke cin sa ba tsutsa ba ce, ba kuma sammu ba. Wata farar dauɗa ce mai yauƙi da take manne wa haƙori a gindin dasashi. Ƙwayoyin cuta ne cike da ita. Su sha zaƙin alewa da lemon kwalba, su fitar da tsami mai zaizaye haƙori. In an ƙyale ta sai ta daskare, buroshi ba ya ɓamɓare ta, dasashi ya kumbura ya riƙa jini.

Maganin kuwa ba ya bukatar kwangila, watakila shi ya sa masu mulki ba su kula ba. Wanke baki sau biyu kullum, da safe da lokacin kwanciya, minti biyu, da man goge baki mai fuloraid kamar ƙwayar wake. Wanda ba shi da kuɗin buroshi, ga asuwakin kakanninmu. A makarantar mishan da na yi, layi muke shiga kowace safiya malam ya duba farce da haƙora. Bai ci ko anini ba.

To, mene ne ya hana a yi haka a makarantun gwamnati? An ce babu kuɗi. Amma in babban mutum ya ji haƙori ya motsa, sai jirgin Ingila. Ɗan talaka kuwa ya kwana yana kuka, ya rasa darasi, uwarsa ta rufe rumfa ta yi asarar cinikin yini, ƙarshenta a cire haƙorin.

Ku tuna a Sakkwato akwai asibiti guda na yaran da cutar noma ta cinye wa fuska, tun 1999. Daga kumburin dasashi take farawa, in ta sami yaro da yunwa. Nijeriya ce ta shige gaba har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a 2023. Madalla. Sai dai wannan a Janeba ne, mu kuwa aji ɗaya muke magana.

'Yan'uwa masu tallan alewa a ƙofar makaranta, ba da ku muke faɗa ba, ku ma kuna da 'ya'ya a ciki. Ran taron iyaye da malamai ku zo mu tafi tare, mu tambayi hedimasta ranar da za a fara.