Kututturen Gona Jari Ne

'Yan'uwa manoma, in lokacin sharar gona ya zo mun san yadda aka saba: a sare kowane toho, a tara, a cinna wuta. A ganinmu kuɗi ne muke ƙonewa.

A shekarar 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya lura a ƙasar Maraɗi cewa ƙananan tsire-tsiren nan da ake sarewa tohon kututture ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Ba sai an dasa sabon itace wanda fari zai kashe ba. A zaɓi rassa masu ƙarfi kamar 3 zuwa 5, a sassabe sauran, shi ke nan. Mutanen can suna kiransa sassabin zamani. Da farko an yi dariya, amma yunwar 1984 ta sa da yawa suka gwada. Daga baya an ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 sun sāke samun itatuwa a Nijar.

To, ina ribar? Ku dubi gawo. Da damina yakan zubar da ganye, saboda haka ba ya hana gero rana, ganyen kuma taki ne. Da rani 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Tun da takin zamani ya yi tsada a 2022, mai gawo a gona yana sayen kaɗan, maƙwabcinsa kuwa sai bashi. Rassan da ya sassabe, masu gidan burodi da masu tsire da mata masu tuyar ƙosai suna nema kullum. Babbar ribar ma ita ce wannan: wanda yake samun kuɗin itace ba ya gaggawar kai hatsinsa kasuwa da kaka, sa'ad da mudu ya faɗi. Yakan jira bazara. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya ciniki domin ya san itacensa.

Waɗansu za su ce, in ka bar toho wani zai zo da dare ya sare. Gaskiya ne, abin yakan faru. Saboda haka mutum ɗaya ba zai iya ba. Sai a zauna da dagaci da makiyaya a yi yarjejeniya, kowa ya san itacen wane ne.

Muna roƙon fastoci da dattawan ikilisiya su fara da gonar ikilisiya a wannan shara, a bar toho ko da a kadada ɗaya ne, inda kowa zai gani a hanyarsa ta zuwa sujada.