Akwatin Dokta Ya Cika Sauka a Landan

Akwai wani wasan talabijin na Ingila mai suna Doctor Who, wanda gidan BBC ya fara nunawa ran 23 ga Nuwamba, 1963. Saboda iyayenmu da ba su san shi ba, ga yadda yake a taƙaice. Wani mutum ne ana ce masa Dokta, ɗan wata duniya mai suna Gallifrey, zuciyarsa biyu, in kuwa ajali ya matso sai ya sake jiki da kamanni ya ci gaba da rayuwa. Da wannan dabara ce ake canja ɗan wasa ba tare da an kashe labarin ba. Yana da jirgi mai suna TARDIS, wanda daga waje akwatin wayar 'yan sanda ne mai launin shuɗi, amma cikinsa ya fi gida girma. Jirgin nan yana iya zuwa kowace duniya, kuma yana iya komawa shekarun da suka wuce ko ya tsallaka waɗanda ba su zo ba. Ina son wasan nan ƙwarai, don haka nake ganin ina da bakin faɗin inda ya gaza.

Babban laifinsa a ganina shi ne, jirgin da aka ce ba shi da iyaka ya zama kamar motar haya mai tasha ɗaya. Tun da aka dawo da wasan a 2005, bayan an dakatar da shi a 1989, ku duba abokan tafiyar Dokta. Rose mai tsaron kanti ce a Landan. Martha ɗalibar likitanci ce a Landan. Donna ma daga Landan take. Bill daga Bristol, Yaz da Ryan daga Sheffield, Dan daga Liverpool, sa'an nan Ruby da Belinda suka sake komo da mu Landan. In ka cire biyu ko uku, dukansu mutanen Birtaniya ne na wannan zamani, masu waya a aljihu. Ashe duk faɗin sammai da ƙassai, Dokta bai iya samun aboki ba sai a unguwa ɗaya?

Da ba haka abin yake ba, kuma hujjata daga ƙasarmu ta fito. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge tsofaffin faya-fayanta don ta sake amfani da su, har kashi fiye da 100 na wasan suka ɓace. To, a 2013 aka ba da sanarwar cewa wani Bature mai suna Philip Morris ya gano kashi 9 a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, na labarai biyu, The Enemy of the World da The Web of Fear, waɗanda aka nuna a 1967 da 1968. Watau abin da masu shi suka yar, mu muka adana musu. Su wa ke tare da Dokta a cikin labaran nan? Jamie, mai busa daga tsaunukan Sikotland na shekarar 1746, da Victoria, yarinya daga 1866. Jamie bai san lantarki ba, bai san jirgin sama ba. Kome ya gani sai ya fassara shi da abin da ya sani a ƙauyensu, wani lokaci ya yi kuskure a yi dariya, wani lokaci kuwa shi ke gano abin da ya shige wa Dokta duhu. Mai kallo yana ganin abubuwa sababbi ta idonsa. Amma yarinyar da ta tashi tana kallon fina-finan sararin samaniya, me zai ba ta mamaki?

Shawarata ita ce abokiyar tafiya ta gaba ta fito daga Kano, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A lokacin ne aka kafa Kasuwar Kurmi, aka gina Gidan Rumfa, Shehu Maghili ya zo ya rubuta wa sarki littafi kan sha'anin mulki, fatake kuwa suna ketare Sahara da gishiri da tufafi da fatu. A ce ita 'yar wani madugu ce, ta iya lissafin kaya, ta iya harshe uku, ta kuma san taurari domin da su ubanta ke gane hanya da dare. Ku yi tunanin ranar da Dokta zai buɗe mata ƙofar jirgi ta ga Kaza da 'Ya'yanta kusa da ita, taurarin da ta saba hange daga bayan raƙumi. Irin wannan yarinya ba za ta tsaya tana ihu a zo a cece ta ba. In aka kai ta kasuwar wata duniya, kafin Dokta ya gama surutu ta taya kaya ta yi ciniki ta karɓi gyara. Za ta kuma gyara masa wani hali da ya daɗe yana ba ni haushi: Dokta ba ya sallama. Yakan faɗa fadar sarki ko ɗakin mutane kai tsaye ya kama ba da umurni. Rabin tsarewar da ake yi masa, da ya tsaya ya gaisa ya tambayi lafiyar gida da ba a yi ba.

Kada wani ya ce harshe zai hana, domin a cikin labarin jirgin da kansa ke yi wa matafiya tafinta.

Sai dai akwai sharaɗi. In za a je Kano, kada a ɓoye wani dodo a ƙarƙashin Dala a ce shi ne dalilin zuwan. Wannan ita ce cuta ta biyu: marubutan sun ɗauka labari ba ya tsayuwa sai da dodo. A farkon wasan akwai labaran tarihi zalla. A The Aztecs na 1964, Barbara, malamar tarihi, ta sami kanta a tsohuwar Meksiko, mutanen wurin suka ɗauke ta wata abar bauta. Ta yi niyyar amfani da matsayin ta hana yanka mutane da suke yi, Dokta ya gargaɗe ta cewa tarihi ba ya sakuwa, ta ƙi ji, ta gwada, ta kasa. Babu Dalek ko ɗaya a ciki, amma ya fi labaran dodanni da yawa tsayawa a rai, domin tambayar da ke ciki ta gaske ce: in ka ga mugun abu a garin da kake baƙo, ina iyakar hannunka? An ɗan kusanci wannan a Demons of the Punjab na 2018, kan raba Indiya da Pakistan a 1947, inda baƙin halittun suka zama 'yan kallo kawai, mugunta kuwa ta fito daga ɗan'uwa zuwa ɗan'uwansa. A Kano ma rigimar fatake da masu karɓar kuɗin ƙofa, ko ayarin da ruwa ya yanke masa, sun isa labari. Kuma kada Dokta ya zo a matsayin mai koya wa Kanawa wayo. Baƙo ne, ya zauna ya ji.

Wannan ya kawo ni ga sukundireban nan nasa mai ƙara. Asali ɗan abin kwance ƙusa ne da buɗe ƙofa. Yanzu ya zama laya: shi ke gano cuta, shi ke kashe inji, shi ke karanta kwamfuta. Da zarar an shiga matsala sai a nuna shi, ya yi ƙara, shi ke nan. A 1982, a labarin The Visitation, masu shirin da kansu suka sa aka ƙone shi domin ya sa marubuta lalaci, aka yi shekaru ba shi, wasan kuwa bai mutu ba. A sake ƙone shi. Ko malamin lissafi ba ya ba da maki in ka rubuta amsa ba ka nuna hanya ba.

Na san abin da wasu abokaina za su ce, don sun sha faɗa mini a ɗakin kwana: wasan Turawa ne, da kuɗinsu suke yi, ina ruwansu da Rumfa? Amsata ita ce su ne suka ce jirgin na kowa da ko'ina ne, kuma sun daɗe suna sayar wa duniya wasan, in ba haka ba me ya kai shi Jos? Sun ma fara gane haka. Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, ya zama Dokta daga 2023 zuwa 2025, kuma a 2025 aka nuna The Story and the Engine, wanda ya faru a Legas, marubucinsa Inua Ellams haifaffen Jos ne. Na ji daɗinsa, musamman yadda aka mai da ba da labari ya zama man da ke tuƙa inji. Amma kusan duk abin a cikin shagon aski ɗaya aka yi shi, kashi ɗaya tak, aka koma gida. An leƙo mu ne ta taga.

Masu cewa gina birnin Kano zai ci kuɗi, su tuna a 1964 an yi labarin Marco Polo kashi 7, daga tsaunukan Pamir har fadar Kublai Khan, duk a cikin ɗan ƙaramin ɗakin ɗaukar hoto da labule da katako. Ganuwa ɗaya, rumfunan kasuwa, da marubucin da ya san yadda ake gaisuwa a Kano, sun wadatar. Sai kuma a ba labarin kashi uku ko huɗu, domin minti 45 ba ya isa a sauke ayari, balle a san mutanen da ke cikinsa.