Wasiƙa ga Masu Sarrafa Fitilun Gida da Jerin Umarni

Ƙannena da 'ya'yana a wannan sana'a.

Yabo kam kun cancanta. Mu da muka tashi da filaya da tasta a aljihu ba mu taɓa mafarkin mutum zai rubuta layi biyar a manhajar Home Assistant, ƙwayayen fitila goma su sauya launi ba. Allah ya yi albarka.

To amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kwanan baya na kwana a wani gida da ɗayanku ya haɗa. Ƙarfe uku na dare na tashi zan zagaya, na'urar jin motsi ta tsinkayo ni, sai farin haske na kelbin 6500, an ƙure shi a 255, ya dalle mini ido. Na dafa bango ina lalube. Barcin da ban koma ba ke nan har aka kira assalatu.

Haba! Me zai rage ka idan ka sa sharaɗi cewa bayan isha'i launi ya sauko 2700, haske ya tsaya kashi 5 cikin 100, kuma ya taso sannu a hankali cikin daƙiƙa uku? Farin nan mai shuɗi-shuɗi yana danne melatonin, sinadarin da ke jawo barci. Tun 1959 Joel Spira ya ƙera ƙaramin makunnin rage haske don gidaje, ga ku da abin da ya ninka nasa, kuna haska ɗakin kwana kamar filin ƙwallo. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, ba ya karɓar cikon kuɗinsa sai ya dawo bayan magariba ya zauna inda masu gida ke zama. Yanzu da tsakar rana ake gwadawa a waya, a tafi.

Sannan kuna kwafo umarnin mutanen da ba a ɗauke musu wuta. Mu nan fa? A dawo da ita biyun dare, kowane ƙwai ya tashi da cikakken ƙarfinsa, domin a haka aka saita shi daga masana'anta, kwamfutar da za ta tsawata masa kuwa ba ta gama farkawa ba. Tun 2018 Philips Hue ta ba da damar zaɓar yadda ƙwai zai kasance idan wuta ta dawo. Ku buɗe wurin saitin mana.

Ku yi haƙuri idan na yi zafi, tsufa ne. A dare na biyu a wancan gidan dai kashe makunnin bango na yi, na kunna tocilan.

Wassalam, naku a sana'a.